Ragwanci ne ko Dabara? Sharhi a kan Littafin Tom Lupton

Duk wanda ya taɓa sa mutane aiki ya san kukan nan na iyayen gida, cewa ma'aikaci ba ya yin iyakar ƙoƙarinsa sai an tsaya a kansa. Manomi a ƙasar Katsina ya kan faɗi haka game da 'yan ƙwadago, mai masana'anta a Ingila ma haka ya ke faɗi game da nasa mutane. Littafin da za a duba a nan, watau On the Shop Floor na Tom Lupton, wanda aka buga a 1963, ya ɗauki wannan kuka ya auna shi da abin da ido ya gani a ɗakunan aiki biyu na wajen Manchester. Ko da ya ke littafin ya kwana biyu, har yanzu ya fi yawancin littattafan da a ke rubuta wa manajoji amfani, amma fa yana da nasa raunin.

Asalin littafin shi kansa abin lura ne ga mai koyon Hausa. A 1949 Max Gluckman ya kafa sashen nazarin zaman al'umma a Jami'ar Manchester, bayan ya yi shekaru yana bincike a ƙasar da a ke kira Zambiya yanzu. Ka'idarsa ita ce mai bincike ya zauna cikin mutane, ya ci abin da su ke ci, ya ji abin da su ke faɗi in ba baƙo a wurin. Da ya zo Ingila sai ya ga ba dalilin da zai hana a yi wa Turawa irin binciken da a ke yi wa mutanen Afirka. Saboda haka a 1955 da 1956 Lupton ya shiga masana'antu biyu ya yi aiki da hannunsa na watanni, kafaɗa da kafaɗa da ma'aikata. Ya sakaya sunayensu: ɗaya ya kira ta Wye, inda a ke ɗinka rigunan ruwa, ɗayar kuwa Jay, inda a ke harhaɗa kayan lantarki.

Sana'ar rigar ruwa tsohuwa ce a Manchester, tun zamanin Charles Macintosh wanda ya ƙago yadin a 1823. Har ma a unguwar Fallowfield, kudu da jami'ar, hukumar gari ta buɗe makaranta a 1960 inda a ke koyar da ɗinki da girki don masu neman aiki, ta kuwa yi aiki a nan har 2013. Watau mutanen da Lupton ya zauna da su maƙwabtan jami'ar ne, ba na nesa ba.

A duka wuraren biyu jinga a ke yi, ba aikin yini ba. Akawu ya kan zo da agogo ya auna mintocin da kowane aiki zai ci, sa'an nan a yanke masa kuɗi. Mai sauri ya sami da yawa, mai nawa ya sami kaɗan. Masu wannan tsari, tun daga Frederick Taylor na Amurka da littafinsa na 1911, sun ɗauka cewa in aka yi haka kowa zai zage dantse. Amma binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago tsakanin 1924 da 1932 ya nuna ma'aikata su kan haɗa baki su tsai da iyakar abin da kowa zai yi a yini. Masu binciken suka fassara abin da cewa zumunci ne da rashin fahimtar lissafi suka rinjayi ma'aikatan. Da wannan fassara Lupton ya yi jayayya.

A Jay ya tarad da abin da ma'aikatan su ke kira fiddle, watau ɗan maguɗi. Kuɗin jinga ba ya zama daidai koyaushe: wani aiki an yanke masa lokaci mai yalwa, wani kuwa an matse shi har mutum ba ya iya fid da na cefane a kai. Sai ma'aikaci ya rage lokacin da ya samu a aiki mai sauƙi, ya rubuta shi a kan mai wuya. In ya yi aiki da yawa a wannan mako, ya ɓoye wani ya ajiye don makon da kaya ba su iso ba. Kuma ba wanda zai rubuta abin da ya wuce iyakar da aka sani, don kada ofis ya ga kuɗin ya yi yawa ya rage wa kowa. Masu duba aikin sun san da haka, suka kau da kai, domin kaya suna fita a kan kari, kuma an huta da gardama.

A Wye kuwa ba kome irin wannan. Yawancin ma'aikatan mata ne, kowace ta kanta ta ke yi. In aiki ya yanke saboda ba a kawo yadi ba, ko an sake salon riga hannu bai saba ba, hasarar a kan mai ɗinkin ta ke faɗawa. Wadda abin ya ishe ta sai ta yi gunaguni, ko ta bar aikin ta nemi wani. Ga jinga iri ɗaya, ga gari ɗaya, amma hali ya bambanta.

Ruwa ba ya tsami banza. Lupton ya nemi dalilin a bayan katangar masana'anta. Jay babban kamfani ne, masu yin irin kayansa kaɗan ne, ba sa karya wa juna farashi, ciniki ba ya yankewa, ladan ma'aikata ɗan kaɗan ne cikin kuɗin kayan, jam'iyyar ma'aikata kuma tana da ƙarfi. Irin wannan kamfani yana iya haƙuri da ɗan maguɗi. Sana'ar rigar ruwa kuwa ta ƙananan kamfanoni ce masu yawa, suna ta gasa, ciniki yana bin yanayi, ladan ɗinki babban kashi ne na kuɗin riga, jam'iyyar ma'aikata ba ta da ƙarfi sosai. A nan ba sarari ga mai gida, balle ga yaransa.

Wannan shi ne babban alherin littafin. Ya nuna cewa ma'aikacin da ya ƙi sakin jiki ba lalle rago ne ba, sau da yawa lissafi ya ke yi, lissafinsa kuwa daidai ne. Abin da ya ke nema shi ne ya san abin da zai kai gida ran Jumma'a, kada wannan mako ya yi ƙiba na gaba ya rame. Manaja shi ma yana da nasa lissafin, na fid da kaya da arha. Ba ɗaya daga cikinsu da ya fi ɗan'uwansa hankali. Bukatunsu ne suka saɓa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Wanda ya ɗauki jingar noman gona ya gama kafin azahar ya san gobe mai gonar zai ce kuɗin ya yi yawa. Tela ma ya san cinikin jajiberin Salla shi zai riƙe shi har bayan wata biyu.

Mai sa mutane aiki zai iya fitowa daga littafin da shawara uku. Kafin ya zargi ma'aikaci, ya duba ko kayan aiki suna isowa a kan lokaci, ya kuma duba wa ke ɗaukar hasarar zaman jira. Kada ya rage kuɗin jinga don ya ga wani ya yi sauri, gama ran da ya yi haka ya koya wa kowa ɓoye ƙarfinsa. Sa'an nan kada ya kwaso tsarin da ya yi kyau a wani kamfani ya ɗora wa nasa ba tare da ya duba kasuwarsa ba.

Amma raunin littafin a fili ya ke. Wurare biyu kaɗai aka duba, sun kuwa bambanta ta kowace fuska gaba ɗaya: girma, da kasuwa, da ƙarfin jam'iyya, da irin aikin, da kasancewar nan maza can mata. In abu biyar suka sake tare, da wuya a ce ga wanda ya jawo bambancin. Lupton ya jera dalilai da yawa, amma bai iya auna nauyin kowanne ba. Mai karatu mai gaggawa ma zai iya ɗauka cewa mata ne ba su iya haɗa kai ba. Sheila Cunnison, wadda ita ma daga sashen Gluckman ta fito, ta taimaka a nan da littafinta na 1966 a kan wani ɗakin ɗinkin rigar ruwa, inda ta sami maza da mata duka kowa ta kansa ya ke yi. Watau abin na sana'ar ne. Lokacin da littafin Lupton ya fito, shi ke shugabancin sashen koyar da tafiyar da masana'antu a wata kwaleji a Birmingham, wadda ta zama Jami'ar Aston a 1966. A can Derek Pugh da abokansa suka bi wata hanya dabam, suka auna ma'aikatu wajen 50 na yankin. Sun sami yawa, amma galibi daga bakin shugabanni suka ji labari, ba su zauna a benci ba. Abin da wannan ya samu, wancan ya rasa.

Rauni na biyu shi ne littafin bai ce abu mai yawa ba game da ɗaukar ma'aikaci da abin da ke riƙe shi banda kuɗi. A nan ya kamata a karanta shi tare da na wani almajirin Gluckman, watau Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a 1962 da 1963, ya buga littafinsa a 1969. A cinikin shanu da goro mai gida ba ya tsaya wa dillalansa da agogo. Ya kan ɗauki wanda ya san asalinsa, ya ba shi masauki da abinci, wani lokaci har ya yi masa aure, domin dukiyar baƙi da bashin mahauta duk a kan amana su ke tafiya. Yaron da ya ci amana ya rasa aiki, ya rasa suna a Sabo duka. Wannan tsari ma yana da nasa ɗaurin, don yaro ba ya iya barin mai gidansa da sauƙi. Duk da haka yana nuna cewa yadda aka ɗauki mutum yana da hannu cikin yadda zai yi aiki, Lupton kuwa daga tsakiyar zancen ya fara.

Masana'antun ɗinki na Manchester yawancinsu sun rufe, amma jinga ba ta mutu ba. A Fallowfield, wadda ta cika da ɗalibai, masu kai wa mutane abinci a kan keke bisa yawan tafiya a ke biyansu, na'urar da ke cikin waya kuwa ita ta gaji akawu mai agogo. In ciniki ya tsaya, su ke ɗaukar hasarar jira, kamar matan Wye. A 2021 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa direbobin Uber suna da haƙƙin ma'aikata, a 2023 kuma ta ƙi yarda a tilasta wa Deliveroo ya yi cinikin lada da jam'iyyar masu kekensa. Wanda ya karanta Lupton zai gane tushen shari'un nan biyu: wa zai ɗauki hasara ran da aiki ya yanke, mai gida ko yaronsa?