Hoton Karkara da Juyin Yanayi a Rubutacciyar Waƙar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda marubucin waƙar Hausa yake zana ƙauye da gona da daji a zukatan masu sauraro yayin da shekara take juyawa. Akwai wani zato da ya daɗe a tsakanin manazarta, wato wai waƙar Hausa ta wa'azi ce da yabo da siyasa, ba ta damu da ƙasa da tsirrai ba. Akan kawo "Waƙar Damina" ta Na'ibi Sulaimanu Wali, wadda ta fito cikin Waƙoƙin Hausa a 1957, kuma Arnott (1968) ya yi nazarinta, a matsayin togaciya. Za a nuna cewa zaton yana da gefen gaskiya, amma ma'aunin da aka auna waƙar da shi ba nata ba ne.

2.0 Rabon Shekara

Duk mai zana yanayi, da fenti ne ko da kalma, sai ya fara raba shekara, kuma ƙasarsa ce take raba masa. A 1565 mai zane Pieter Bruegel ya yi wa wani attajirin Antwerp, a ƙasar Beljiyam ta yau, allunan zane guda 6 na yanayin shekara, waɗanda 5 daga cikinsu suka tsira. Bai yi 4 ba, domin mutanen yankinsa a lokacin kashi 6 suke yi wa shekara. Bahaushe kuwa yana da bazara da damina da kaka da rani, hunturu yana cikin rani ko yana cin gashin kansa. A cikin daminar ma akwai marka, lokacin da ruwa yake kwana yana zuba, da agazari, zafin da yake nunar da hatsi a ƙarshenta.

A nan ne masu fassara sukan yi tuntuɓe. Lokacin da Turawa suke murnar tohon itatuwa bayan sanyi, an saba fassara shi da bazara. To, bazarar ƙasar Hausa ita ce matsanancin zafi: rijiya ta ja baya, rumbu ya yi ƙasa, ido yana gabas. Mawaƙin da ya ɗauki bazara da waccan ma'ana ya zana ƙauyen da babu shi.

3.0 Kayan Zanen Mawaƙi

Manazarcin da ya shiga waƙar Hausa yana ƙirga kalmomin launi zai fito da ɗan abu kaɗan. Fari da baƙi da ja su ne ginshiƙai, sai kore da shuɗi da rawaya, sauran kuwa aro ne daga abin da ido ya sani, kamar ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro. Sai dai ƙarfin harshen yana wani wuri dabam. Na farko amsa-kama: kore shar, ja wur, fari fat, baƙi ƙirin. Kalma guda mai gaɓa ɗaya ko biyu tana yin aikin da mai fenti zai yi ta shafa launi bisa launi kafin ya samu, kuma tana da sauƙin zama a ƙarshen ɗango.

Na biyu, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne aikatau. Bisa rabon Parsons (1960), rukuni na 4 yana nuna aiki ya game ko ya ƙare kakaf. Da shi ake zana rani: rafi ya ƙafe, ciyawa ta bushe, fadama ta tsattsage, hazo ya rufe gari. Rukuni na 7 kuwa yana nuna aiki ya kai matuƙa a jikin abin da aka yi wa, kamar a ce gona ta nomu ko rumbu ya ginu. Idan aka haɗa wannan da jerin "suka" da "ta" na ba da labari, sai a ga hadari ya haɗu, iska ta taso, kaji suka shige akurki, mata suka kwashe shanya. Mai fenti dole ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ya tsayar da shi cak. Mawaƙi yana da lokaci a hannunsa, don haka hotonsa tafiya yake yi. Ke nan wanda ya auna shi da yawan launi ya auna hatsi da igiya.

4.0 Inda Aka Gaza

Gefen gaskiyar zaton nan shi ne damina ta cinye rabon 'yan'uwanta. Dalilin a fili yake. Rayar da ƙasa bayan mutuwarta hujja ce da Alƙur'ani ya maimaita a kan tashin ƙiyama, saboda haka malami mawaƙi yana samun siffantawa da wa'azi a baiti guda. Wannan ba aibi ba ne, shi ne ma yake ba hoton nauyi. Aibin yana ga masu biyo baya, musamman a gasar makarantu da shafukan jaridu, waɗanda sukan jero gero da dawa da wake da gyaɗa kamar mai karanta takardar awo, su yi godiya, su rufe. An ambaci amfanin gona, amma ba a ga gonar ba.

Rani kuwa an mayar da shi duhun da ake bi a isa ga damina, alhali yana da nasa hoto. Akwai dammunan dawa a jingine, harawa a kan reshe, shanun Fulani suna kalar kara balbela na biye, samari sun tafi cin rani an bar tsofaffi suna jin ɗumi, mai lambu yana ɗaga ruwa da jigo (kalmar da manazarta suka ara suka sa wa saƙon waƙa). Akwai kuma gawo, wanda yake kaɗe ganyensa idan ruwa ya sauka, ya tsaya tsirara a tsakiyar gona koriya shar, sa'annan ya yi ganye lokacin da kuka ta zubar da nata. Manomi yana barinsa a gona domin ba ya yi wa gero inuwa da damina, kuma awaki suna samun 'ya'yansa a lokacin da babu ciyawa.