Agogon zafin baƙin mai, sabuwar kwalliyar 'yan gayun Dutse

Wani yayi ya fara shigo wa masu babur a garin nan, kuma ni dai ya tsaya mini a rai. Ku da kuke kai-kawo tsakanin Takur, Fagoji da ƙofar Jami'ar Tarayya kun san abin da nake nufi: ɗan agogon nan mai allura da ake murɗawa a bakin da ake zuba baƙin mai, wai yana auna zafin inji. Wasu ma sun zarce, sun sayo mai lambobi da ke haske da dare, an jawo masa waya tun daga gindin inji har gaban mai tuƙi. An gama da fitilun disko, an gama da hon mai kukan tirela, an gama da salansar da ke tada unguwa daga barci, yanzu kuma kowa ya koma injiniya.

Ni ba ni da faɗa da ma'auni. Da mai babur nake.

Ka tare ɗaya daga cikinsu a bakin mai shayi, ka nuna agogon ka ce, “Ƙanena, wannan allurar me take cewa?” Zai leƙa, ya ɗago yana murmushi, ya ce, “Ai Yaya, nomal take.” Ka ce masa nawa ne nomal ɗin, a nan hira za ta koma kan ƙwallo. Alhali lissafin ba wani mai wuya ba ne. Baƙin mai ya fi jin daɗin aiki daga wajen digiri 80 zuwa 110 a ma'aunin salshiyas. Idan ya haura 120 ya zauna a can, irin man da yawancinmu muke zubawa zai tsinke, ya soma ƙonewa, ya yi dauɗa da wuri, kuma masana mai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Shi ke nan fa abin da ake buƙatar mutum ya riƙe. Amma wani agogon da aka ƙera don kasuwar Amurka, lambobinsa na faranhait ne, inda 212 take daidai da 100 namu. Sai ka ga yaro ya hango allura a kan 200 yana bugun ƙirji wai injinsa ƙarfe ne, ko kuma ya firgita ya kashe mashin a tsakiyar titi, alhali man bai ma kai zafin tafasar ruwan shayi ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, duba gaban mashin ɗin nan da aka ƙawata da sabon agogo. Agogon gudu da kamfani ya sa masa ya mutu tun bara. Wayarsa ta tsinke, ba a sake ba, lambobin kilomita sun daskare a wuri guda. To da me kake sanin lokacin juyen mai ya yi? Da tunawa, wai. “Ina jin tun kafin Sallah ne.” Wace Sallar, ƙarama ko babba? Mutum bai san tsawon tafiyar da mansa ya yi ba, amma yana so ya san zafinsa har zuwa digiri ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga kuma babbar ta'asar, wadda ban taɓa jin wani mai sayar da agogon ya ambata ba. Murfin da ka cire ka jefa a aljihun kujera don ka murɗa agogon, shi ne gejin da kake duba yawan mai da shi. Boxer, Jincheng, Lifan da sauran ƙananan mashinan da suka cika titunanmu, duk man da ke cikinsu bai wuce lita ɗaya ba, ko abin da ya yi kusa da haka. A inji mai ɗaukar lita ɗaya, raguwar kofi guda ba wasa ba ce. Ka cire abin da ke faɗa maka man ya ragu, ka sa abin da ke faɗa maka man ya yi zafi. Sannan shi agogon, da tsinken ƙarfen da ke ƙasansa yake jin zafin, kuma sai tsinken ya nutse a cikin mai yake faɗin gaskiya. Idan mai ya ja baya, tsinken ya koma rataye a iska, allura tana iya sauka ƙasa ta kwanta lafiya lau. Wato a daidai lokacin da inji yake gab da bugawa, a lokacin ne agogonka zai iya ce maka komai sumul. Ba a maganar wanda zarensa bai dace da bakin injin ba, aka tura shi da ƙarfi aka naɗe da leda, mai yana tsatsafowa, ƙurar Dutse tana samun ƙofa.

Ko da an ɗaura shi daidai, zafin man da ya taru a gindin inji yake aunawa. Kan inji, inda fulogi yake, inda wuta take tashi, ya fi nan zafi nesa ba kusa ba, kuma shi yake fara jin jiki. Man gindi yana biyo baya ne a hankali. Kafin allura ta motsa, fistin ya riga ya sha abin da zai sha.

Yanzu mu zo kan abin da ake aunawa ɗin. Wane mai ne a ciki? Na kwalba, wanda aka tsiyayo daga duro a bakin hanya, babu suna babu lamba, wanda mai sayarwar kansa ba zai rantse maka daga ina ya fito ba. Ko kuma ragowar galan ɗin motar Alhaji, tunda ai duk mai mai ne. To ba haka ba ne. A irin baburanmu, mai ɗaya ne yake hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya, kulocin ma a cikin man yake wanka. Wasu mayukan mota an zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, su ne suke sa kulocin babur ya riƙa zamewa, ka murɗa totur inji ya yi ihu mashin bai tafi ba, zamewar kuma ta ƙara wa man zafi. Saboda wannan matsalar ce Japanawa suka fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998, shi ne tambarin MA da za ka gani a bayan robar man kirki. Lambobin nan kuma irin 20W-50, ta farko tana nuna yadda man yake gudana da sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Duk wannan yana rubuce a jikin roba, kyauta, ba a taɓa juya ta an karanta ba. Amma an biya kuɗi an sayo agogo don a sa ido a kan man da ba a san asalinsa ba. Mai zazzaɓi ne ya sayi abin auna zafin jiki ya rataya a wuya, ya ci gaba da kwana ba gidan sauro.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wata ɗabi'a ta ƙara ƙarfi a garejin masu gyara. Kowa ya zo sai ya ce, “Oga, a ɗan matse mini kafireto, shan mai ya yi yawa.” Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne ya yi magana. Sai dai idan aka matse fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wutar cikin inji takan ƙara zafi, domin fetur ɗin kansa yana taimakawa wajen sanyaya kan inji. Ka ciro fulogi ka duba bakinsa: idan ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa, ka samu amsarka ba tare da ka sayi komai ba. Wanda ya matse kafireto har mashin yana tari, sannan ya zauna yana mamakin allura ta hau, me yake so a ce masa?

Waɗannan injinan ba su da lagireto, ba su da fanka. Iska ce kaɗai take sanyaya su, ta bi ta tsakanin fikafikan ƙarfen nan na jikin silinda ta kwashe zafi. To je ka duba su bayan damina: laka ta toshe su ta bushe, ta haɗu da man da ke yoyo ta zama kamar daɓe. A gabansu kuma an rataya faffaɗar roba mai hoton zaki don kada ruwa ya ɓata wando, ta tare iskar ɗungurungum. A haka za a ɗora buhu biyu na gero da mutum a kai daga kasuwar Shuwarin, a watan Afrilu, rana tana dukan digiri 40 da ɗoriya, a kamo hanyar Jahun ko Kiyawa a giya ɗaya ana ja. An iso, maimakon a kashe, sai a bar shi yana aiki a tsaye ana gaisawa da mutanen gari, ba iska ba motsi. Idan ya fara warin ƙauri kuma, maganin da aka sani shi ne a fasa fiya wata biyu a watsa masa, ya yi cuu, tururi ya tashi, a ce ya huce. Ƙarfen da ya yi wannan zafin ba ya son sanyin farat ɗaya. Yana iya lanƙwasa, yana iya tsagewa. Inuwa da haƙurin 'yan mintoci sun fi masa.

To, na ji, za a ce ai agogon yana da amfani. Yana da shi, ban musa ba. Wanda ya fara tsoma tsinken a tafasasshen ruwa ya ga allura ta tsaya kusa da 100, ya tabbatar ba na ƙarya aka sayar masa ba, sannan ya lura da inda take zama a tafiyarsa ta kullum, ranar da ta wuce wurin ba dalili zai san akwai magana. Har wani abu zai koya wanda bai zata ba: da hunturu, a Disamba da Janairu, ma'aikacin da ke tasowa daga Gida Dubu zuwa sakatariya man injinsa ba ya ma kaiwa zafin aiki kafin ya iso. Man da ba ya ɗumama sosai yana tara raɓa da ɗigon fetur, shi ma lalacewa ce, ta wata fuskar. Irin wannan mutumin ya sa agogonsa, Allah ya ba da sa'a. Amma a cikin masu yayin nan, nawa ne shi?

Ku lura kuma da waɗanda ba su shiga yayin ba: 'yan acaɓan da suka daɗe a kan titi, masu biyan balas kullum, waɗanda idan inji ya buga gidansu ba a ɗora tukunya. Su da sassafe za ka gan su sun kafe mashin a kan tsayuwar tsakiya, sun zare geji sun goge, sun mayar sun duba, sun murza man tsakanin yatsu biyu. Juye ba ya wuce su. Kunnensu ya san ƙarar injinsu, da ta canza sun ji. Suna da nasu laifin, lodin nan da fiya watan nan duk da su ake yi, amma aƙalla sun san abin da ke cikin injin.

Ɗan gayu kuwa, agogon nasa a ƙasa yake, daidai idon sawu. Don ya karanta shi sai ya sunkuya. Kwanan nan za ku fara ganinsu a kan titin Ibrahim Aliyu, mutum yana tafe da gudu kansa a ƙasa yana duba lafiyar baƙin mai, ga Keke Napep ta ci birki a gabansa tana sauke fasinja. Don Allah samari, in dai sai kun duba, ku gangara gefe ku tsaya. Kuma tunda kun tsaya, ku lalubo tsohon gejin nan daga aljihun kujera ku tsoma shi, mu ga ko akwai man da za a auna.