Nas mai jinya ta waya

A yau galibin masu ciwon daji ba a kwantar da su don karɓar magani. Mutum zai zo asibiti da safe, a ɗaura masa ruwan kemo, kafin la'asar ya koma gida. Maganin kuwa sai bayan kwanaki yake nuna halinsa, a ɗakin mutum, sau da yawa cikin dare: amai ya taso, ko gudawa, ko baki ya yi miki har ruwa ya gagara haɗiya. A ƙasashen da suka tsara abin, wadda ke tsaye tsakanin wannan ɗaki da asibiti nas ce mai waya a hannu.

Birtaniya ba da sauƙi ta koyi wannan darasi ba. A 2008 hukumar NCEPOD ta binciki marasa lafiyar da suka rasu cikin kwana 30 da karɓar maganin daji, ta gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu maganin ne ya jawo mutuwar ko ya gaggauta ta. Daga nan asibitoci suka kafa rukunin agajin gaggawa na masu ciwon daji, kuma nas-nas ne ƙashin bayansa. A 2010 ƙungiyar nas-nas masu jinyar daji ta ƙasar, UKONS, ta fito da takardar tantancewa ta waya mai launi uku. Kore, a ba da shawara mutum ya zauna gida. Ruwan ɗorawa, a sake tuntuɓarsa cikin awa 24. Ja, ya taho yanzu. In ruwan ɗorawa ya kai biyu, ya zama ja.

Takardar kowa zai iya karanta ta. Gwanintar tana wajen tambaya, domin mara lafiya ba kasafai yake faɗin gaskiyar halin da yake ciki ba. Wani kunya, wani gudun damun mutane, wani kuma tsoron kada a dakatar masa da magani. Zai ce cikinsa ne ya ɗan ɓaci. Gwanar nas ba ta tsayawa nan. Sau nawa ka zaga tun jiya? A da sau nawa kake yi a rana? Ka tashi cikin dare? Akwai jini? Yaushe rabonka da fitsari? Ƙarin zagaye huɗu zuwa shida a kan na kullum mataki ne, bakwai zuwa sama wani mataki ne daban. Tana kuma sauraron abin da ba a faɗa ba: numfashin da ke yankewa tsakiyar magana, ko matar da ta karɓe wayar saboda maigidan ya kasa riƙe zance.

Sannan dole ta san wane magani mutum yake sha, don gudawa ba iri ɗaya ba ce. Mai haɗiyar ƙwayar capecitabine, in abin ya yi yawa, ana cewa ya dakata da ita nan take. Wanda ke kan sabbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki kuwa, gudawarsa na iya zama alamar garkuwar ce ta far wa hanjinsa. Maganin tsai da gudawa kaɗai ba zai yi masa ba, sau da yawa sai an haɗa da sitiroyid. Ciwon baya ma haka: in ya zo da sanyin ƙafa ko riƙewar fitsari, ƙila dajin ne ya danne lakar baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya gurgunta mutum.

Babban abin tsoro shi ne zazzaɓi. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗaura ruwan. A wannan tsakani ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ji ta ba tana iya kashe mutum cikin awoyi. Shi ya sa in zafin jiki ya kai 38, wasu asibitocin ma tun daga 37.5, nas ba ta dogon bayani. Za ta ce a taho, ta sanar da sashen gaggawa, da nufin a yi allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da isowa. Takan kuma tambaya ko an sha farasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓin ne kawai.

Wai wannan aiki yana ƙara kwana, da ikon Allah? A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka an gwada da mutum 766. Wasu suna aika bayanin abin da ke damunsu ta intanet, nas-nas na bibiya da zarar abu ya tsananta, sauran kuma suna jiran ranar ganin likita. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna rukunin farko sun fi rayuwa da kusan wata biyar. Akwai magunguna masu tsadar gaske da ba su kai ga haka ba. A ganina wannan kaɗai ya isa a daina kallon aikin nas a matsayin na 'yar aiken likita.

A wajenmu abin ya fi buƙatar kula, domin duk zazzaɓi mun riga mun raɗa masa suna na cizon sauro. Wanda ya karɓi kemo a Shika ko Kano ya koma ƙauye, in jikinsa ya yi zafi, kemis za a nufa a sayo maganin maleriya, a jira kwana uku a ga abin da hali zai yi. Wannan jiran ne ke kisa. In kana jinyar mai ciwon daji, ka sayi ma'aunin zafin jiki, ka rubuta sunan maganin da ranar da aka ɗaura shi, kuma kada ku bar asibiti sai ka tambayi nas lambar da za a kira cikin dare.