PS5 ko Xbox? Ku Fara Tambayar Batir

A hutun da ya wuce musu ya kaure a fadarmu ta Tabelot, tun daga shayin farko har na uku: PlayStation 5 ce ta fi ko Xbox Series X? Abokinmu mai karatu a Agadas ya kafe a kan Sony, wani kuma ya ce gobe ta Microsoft ce. Wannan ya ce kyan hoto, wancan ya ce saurin buɗe wasa. Da na gaji sai na tambaya, a cikinku wa ya taɓa riƙe manet ɗin ko ɗaya daga cikinsu? Tsit. Ashe duk a bidiyon waya aka gani.

Abin da ya dame ni da wannan musu shi ne na aro ne. Muna auna na'ura da ma'aunin mutumin da kuran ɗinsa ba ya yankewa, intanet ɗinsa ba ya ƙarewa. Mu a gindin Bagzan tambayoyinmu daban ne: panno ɗaya da batir za su ɗauke ta? Za ta jure ƙura? In babu rezo za ta tashi? Mutum biyu za su iya zama su kara?

In da wannan ma'auni aka bi, har yau PlayStation 2 ce sarauniya, ku yi dariya in kun ga dama. Ta fito a 2000, an daina ƙera ta a farkon 2013, an sayar da fiye da miliyan 155. Ita ce a shagon da duk muka koyi wasa. Wutar da take ci ba ta kai rubu'in ta PS5 ba, wadda kan sha kusan wat 200 in wasa ya yi zafi. Kai PS5 wannan shago, kafin a je hutun rabin lokaci batir ya fara kuka. Da ƙura ta kashe idon da ke karanta faifai, mai shago bai jefar da ita ba, ya kai ta Agadas aka gyara ta yadda za ta riƙa ɗauko wasanni daga kile. Ta dawo ta ci gaba da ciyar da shi.

Sai maganar yawan wasanni. Masu Xbox suna alfahari da Game Pass, tsarin da aka fara a 2017, ka biya duk wata a buɗe maka ɗaruruwan wasanni. Madalla. Amma rumbu ne da makullinsa ke hannun intanet. Wasa ɗaya na yanzu yakan wuce giga 50, wani ya haura 100. Wa zai sauke shi a nan, da wane kuɗi, cikin kwana nawa? Mu kuwa wasa uku suka riƙe mu shekaru: GTA San Andreas na 2004, God of War na 2005, sai gwarzonsu, PES 6 na 2006. Wanda bai ga Adriano na Inter ya sako ƙwallo daga nesa a PES 6 ba, bai san dalilin da ya sa aka kafa dokar hana ɗaukar Inter a shagonmu ba. Ko sunan wasu kulob ɗin ba na gaskiya ba ne, Liverpool ana ce mata Merseyside Red, amma wa ya damu? Mu da muka zauna dare guda muka ƙera Mena da hannunmu, ɗan wasa bayan ɗan wasa. Wasa ɗaya da mutum ashirin ke jiran layinsa ya fi mini ɗari da ba za su buɗe ba.

Ba zan ɓoye aibin ɓangarena ba. PS2 ta tsufa. Babu sabon wasa, manet na kirki ya yi wuya, na jabu kuwa wata biyu ya mutu. Ƙannenmu ba su san Adriano ba, Mbappé suke nema. Kuma yawancin wasannin da ke kan kilen nan kwafi ne, waɗanda suka yi wahalar ƙera su ba su ga ko dala ba. To me zai sa su tuna da mu?

Ai kuwa ba su tuna ba. Tun 2020 Xbox Series S ta zo ba wurin sa faifai, PS5 ma akwai irin wannan. A 2021 Konami ta mai da PES eFootball, sai dai ka sauke shi. Wasan da ba ya kan faifai ba ka ara wa aboki, ba ka sayar da shi in ka gaji, ba ya hawa motar albasa ya iso Tabelot a hannu na uku. Da kayan hannu na uku muka rayu, ita ce ƙofar da ake rufewa. Abin mamaki, wadda ta fi dacewa da mu ba a ko ambace ta a fada ba: Nintendo Switch ta 2017, mai batir da allonta, wasanninta a ɗan kati da babu ruwansa da ƙura, manet ɗinta ya rabu biyu. Tsada ce ta hana, kuma Mario bai taɓa shiga ranmu ba.

Wadda ke cin gasar a ɓoye ita ce waya. Duba inda rezo ke kamawa da yamma, za ka ga yara a jere, kowa ya sunkuya a kan Free Fire. Ba na ƙin ta, ni ma ina bugawa. Amma a waya babu ƴan kallo. Babu mai yi maka ihu in ka zubar da fenariti, babu tsokanar da za ta bi ka har lakwal.

Kafin in koma makaranta na tambayi mai shago wace zai saya in wannan ta mutu, PS4 ko PS5. Ya ce, "Ƙanena, ka ga wancan teburin?" Wayoyi ne sun fi goma, kowace a jikin sharji. Ya ce su suke kawo kuɗi yanzu. Amma in albasa ta yi daraja bana, zai sa a duba masa wata PS2 a kasuwar Agadas.