Sandinista! a Inuwar London Calling

Ƙungiyar The Clash ta birnin Landan, ɗaya daga cikin jigogin kiɗan pank, ta fitar da London Calling a watan Disamba na 1979, sannan ta biyo da Sandinista! a Disamba na 1980. Tun daga lokacin, masu sharhi da dama suna auna na biyun da mudun na farko, kuma hukuncinsu kusan ɗaya ne: da an tace waƙoƙi 36 na Sandinista! an bar kamar goma sha biyu, da ya kamo wansa. Wannan hukuncin ne muke son mu sake dubawa a nan.

London Calling faifai biyu ne, waƙoƙi 19, waɗanda aka ɗauka a sitidiyon Wessex na Landan a ƙarƙashin kulawar Guy Stevens. Akwai rege a ciki, da ska, da tsohon rok na Amurka, amma duk salon da ya shigo sai an lanƙwasa shi ya bi muryar Joe Strummer da gitar Mick Jones. Mai saurare ba ya shakkar ko su wa ke kiɗan. Ƙarfin aikin ke nan.

Sandinista! ya juya wannan tsari. Faifai uku ne, fuska shida, kowace da waƙa shida. An ɗauki wasu a Niyok, wasu a Kingston ta Jamaika, kuma ƙungiyar da kanta ta shugabanci aikin. A nan salon da aka aro shi ke riƙe da muryarsa, makaɗan kuwa su ja baya. "The Magnificent Seven" ta bi zubin rap, wanda a lokacin bai daɗe da fitowa daga unguwannin baƙar fata na Niyok ba. Mikey Dread, mutumin Jamaika, ya yi waƙa, ya kuma sa hannu a haɗa sauti. Misali mafi kaifi shi ne "Career Opportunities", waƙarsu ta 1977 kan ƙarancin aikin kirki ga matasa: an sake ta, amma yara ƙanana aka ba su rera. Fushin samari da ke cikin ta farko ya koma tsoro, domin masu waƙar yanzu su ne ƴan layin neman aiki na gobe.

Ta fuskar siyasa ma fagen ya ƙara faɗi. Sunan faifan na ƙungiyar da ta tumɓuke Somoza a Nikaraguwa ne a Yuli 1979, kuma "Washington Bullets" ta ratsa Chili da Kuba da Nikaraguwa, ba ta kuma ƙyale Tarayyar Sobiyet a Afganistan ko Sin a Tibet ba. Har farashin ma matsayi ne: makaɗan sun sarayar da wani kaso na ribarsu kafin kamfanin CBS ya yarda a sayar da faifai ukun da araha.

Duk da haka, ba za mu wanke tsawon gaba ɗaya ba. Fuska ta shida akasari maimaici ne cikin salon dub, kuma wani wurin amsa-kuwwa kawai aka jibga, ba tare da wannan ɗaukewa da maidowar ganga da bas ba, wadda ita ce ruhin dub a Jamaika. "Mensforth Hill" kuwa "Something About England" ce aka kunna da baya. Sau ɗaya ya isa a saurare ta. A irin waɗannan wurare ana jin rashin kunnen baƙo mai cewa ya isa haka.

Ra'ayinmu shi ne London Calling ya fi kammaluwa, amma shawarar tace Sandinista! tana da aibi: abin da almakashi zai fara ci shi ne muryoyin baƙin, wato ainihin abin da ya bambanta shi da wansa. An kuwa gwada almakashin daga baya. Faifan da ya biyo, Combat Rock na 1982, Jones ya haɗa shi da tsawon faifai biyu, aka ba Glyn Johns ya rage shi zuwa ɗaya. Ya fi duk faifansu kasuwa a Amurka a lokacin, kuma a 1983 aka sallami Jones daga ƙungiyar.