Masu Gyaran Taswirar Abuja

A Abuja, "turo mini lokeshin" ta kusa maye gurbin kwatance. Sai dai jan ɗigon nan na taswirar Google bai san komai ba sai abin da aka faɗa masa, garin kuma ba ya zama wuri guda. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 ake ta gini ana rusau, tsadar haya tana korar mai shago daga Wuse 2 zuwa Gwarimpa ko Kubwa. Shago ya tashi, sunansa na nan a waya, mutane na ta ƙona mai a banza.

Akwai masu bi suna gyarawa: 'yan sa-kai na shirin Local Guides da Google ya buɗe a 2015, da matasan da 'yan kasuwa ke biya su kula musu da shafi. Aikin ya wuce danne-dannen waya. Dubi kasuwar Banex da ke titin Aminu Kano. Ga tsohuwa ga sabuwa, shagunan waya da kwamfuta bene kan bene, tauraron ɗan'adam kuwa rufi kawai yake gani. Gwani da ƙafarsa yake zuwa. Ya duba lambar shago da hawan da yake, ya ɗauki hoton allon daga inda baƙo zai fara hango shi, ya ja ɗigon zuwa ƙofar da ake shiga, ba bayan katanga ba. Idan ya tarar an yi wa kantin magani ɗaya rajista sau biyu, ya nemi a haɗe, don kada shaidar masu saye ta rabu.

Sanin lokaci ne ya fi burge ni. Na'ura ta fi son a ce mata takwas zuwa shida kullum. Gwanin kuwa ya san mai tsire sai bayan la'asar yake hura wuta, mai atamfa a kasuwar Wuse zai ja ƙofa ya tafi Juma'a, azumi kuma yakan juya komai. Sai ya tambayi mai wurin ya rubuta yadda abin yake.

Gyaran ba kullum yake hawa nan take ba. Ana tantancewa, wani lokaci a ƙi, ya sake kawo hoto ba tare da ƙosawa ba. Ga kuma 'yan damfara da ke liƙa lambarsu a kan sunan otal, su karɓi kuɗin kama ɗaki su ɓace. Don haka ba ya yarda da lamba sai ya gwada ta da wadda ke jikin allo, ya kira a gaban mai wurin ya ji wayar wa ta yi ƙara.