Rediyon Iyayenmu: Yabo Da Gyara

Ƴan'uwa ɗalibai, duk fadar da aka tayar da hirar rediyon da, daga Magarya har Dungas, sai ka ji manya na cewa yanzu babu shiri, sai surutu. Ni ina tare da su rabin hanya. Sauran rabin nake so mu tattauna.

Mu fara da abin da ya sa suke kewa. Mu mutanen bakin iyaka kunne biyu gare mu. Ɗaya na Yamai, inda aka buɗe Rediyo Nijar a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. Ɗayan na Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, kuma muryarta kan iso ƙauyukanmu ba ta tambayi jandarma hanya ba. A dare guda mai akwati zai ji gaisuwar Zaɓi Sonka, ya ji kalangun Mamman Shata, ya ji kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya ji ƙwaryar Barmani Choge, sannan a rufe da wasan kwaikwayo. Akwati ɗaya, pil kuwa da tsada, don haka dole a taru. Tsoho da yaro, malami da mahauci, abu ɗaya suke saurare, gobe a kasuwa shi za a maimaita. Wannan haɗin gambizar shi ne ƙarfin shirin.

Gwanintar ƴan wasan ma ba ta da musu. Ɗauki Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Ba ka ganin kakinsa ko gashin bakinsa a rediyo, amma da ya buɗe baki da Hausar bariki, yana cakuɗa ta da Turancin soja, ka ga sojan a tsaye gabanka. Shi kansa tsohon soja ne, ya san abin da yake kwaikwayo. Dariyar kuwa tana da ƙashi: mutumin da ke tsawa a fareti, ga shi rigimar gida ta kayar da shi. A ɓangarenmu, Yazi Dogo ya yi irin wannan aiki, yana sa mutane dariya da halinsu. Waɗannan mutane da murya kaɗai suka gina ɗaki, suka zuba mutane a ciki. Masu barkwancinmu na TikTok, a kashe hoton a bar sauti, nawa ne za su tsira?

To, ga inda na rabu da manya. Makirufon nan na gwamnati ne, a can da nan. Shi ke zaɓen wanda zai zama tauraro. Mai wasa na iya caccakar ɗan kasuwa mai algus ko mijin da ba ya cefane, amma akwai ƙofar da ba a taɓawa, musamman zamanin Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, lokacin da Samariya da waƙar gina ƙasa suka cika iska. Kuma waƙar yabo ta samu fili fiye da kima: wanda ya iya wasa sarki ko attajiri shi ake naɗa.

Babbar hasarar ita ce ta gida. Ɗan Dungas ya haddace Shata, ya san Ma'azu Ɗan Alalo saboda yana fadar Damagaram, amma makaɗin noman ƙauyensu, da mai kiɗan kokawa, da matan da ke waƙar daka, ba wanda ya kai musu na'ura. Suka mutu da waƙoƙinsu. Rediyon da ya haɗa mu da Hausawan duniya, shi ya koya mana cewa gwani kullum daga nesa yake zuwa.

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Samanja a 2023. Su an adana su, suna cikin kaset da memori. Tsofaffin makaɗanmu da suka rage fa? Yau na'urar tana aljihun kowane ɗan lise. In an tafi hutu, kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinsu, ya nemi izini, ya naɗa, ya rubuta suna da gari da rana, ya kawo wa ƙungiya. Mu kai wa rediyon karkara su saka. In ba mu yi ba, laifin ya tashi daga kan Yamai da Kaduna, ya dawo kanmu.